Karnukan Gadi a Zangon da Ba a Son Gadi

Muna idar da sallar asuba muka tayar da mota daga McLeansville, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, gari bai gama wayewa ba, raɓa ta jiƙe ciyawar ƙofar gida sharkaf. Mu huɗu ne: ni da uwargida da 'yan matanmu biyu. Sai fasinjojin da ba su biya kuɗin mota ba, wato karnukanmu Duna da Ƙyale-su, suna cikin keji a bayan kujerar direba suna bin kowa da kallo kamar su suka shirya tafiyar.

Motar ba tawa ba ce. Wani abokin aikina ɗan Jos ne ya ba ni aronta, irin wadda ake ce wa RV, ɗaki sukutum a kan taya, da gado da kicin da banɗaki har da firji. Tsohuwa ce, in ta hau tudu sai ta yi ta nishi, amma ni da babbar motar kaya nake tuƙawa kullum ban ga abin tsoro a jikinta ba. Ranar da na je ɗaukarta a gidansa can wajen Sedgefield, sai da ya nuna min kowane maɓalli, sannan ya ce, "Malam, motar ba za ta ba ka matsala ba. Karnukan nan naka nake ji." Na yi dariya na ce masa karnukana sun san aikinsu.

Tafiyar nan don uwargida aka yi ta. Aikin dare take yi a wani gidan kula da tsofaffi, ta juya wannan, ta wanke wancan, gari ya waye ta dawo ta tarar da na gida yana jiranta. Tun da muka zo ƙasar nan ba ta taɓa ɗaukar hutu don hutu ba, sai dai na haihuwa, wanda duk uwa ta san ba hutu ba ne. Bana da ƙyar da roƙo ta samu 'yan kwanaki a jere. Na yi mata alkawari a gaban yara cewa a tafiyar nan ba abin da za ta ɗaga sai kofin shayi, kuma za ta yi barci har sai barcin ya gaji da ita.

Za ku ce to me ya kai karnuka cikin hutun mutane? Rashin mai riƙo ne. Kaji muke kiwo a bayan gida, yanyawa da wasu 'yan dabbobin daji suka hana mu sakat, shi ya sa na samo karnukan. Kajin wani ɗan'uwa ya ce zai riƙa leƙa su. Amma duk wanda na ce wa ya riƙe min kare sai ya tuna yana da uzuri: wannan matarsa ba ta so, wancan mai gidan hayarsa ya hana, wani kuwa ya dube ni kawai ya ce, "Haba Malam, kare fa!" Gidan ajiyar karnuka na Turawa kuma farashinsa ya fi na ɗakin da na fara kwana a ƙasar nan. Sai na ce to, mu tafi da su, ai ma a daji an fi bukatar mai gadi.

Muka ratsa Greensboro tituna fayau, muka kama babbar hanya zuwa yamma. A Winston-Salem muka tsaya shan mai, a nan na gane dalilin da abokina ya ba ni aron motar da fara'a. Galan bana ya kusa dala huɗu, ita kuwa baiwar Allah sha take kamar raƙumin da ya ƙetare Sahara. Na tsaya ina kallon lambobi suna gudu har uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, daina kallo, kallon ba ya rage shi." A shagon wurin muka sayi abin da suke kira biskit, wanda ba irin namu na kanti ba ne, ɗan burodi ne mai laushi da ɗumi. Sai da na nanata wa mai sayarwa cewa ƙwai da cuku kawai, ban da naman alade, domin a yankin nan in ba ka yi magana ba har cikin wake sai an jefa maka shi.

Daga nan muka hau hanyar Wilkesboro. Ƙasa ta fara tudu da gangare, gonakin masara da na taba kore shar, ga gonakin inabi a jere kamar an ja su da igiya. Coci kuwa ba a magana, kafin ka gama karanta allon ɗaya ka iso wani. Akwai wata ciyawa mai yaɗo da ta lulluɓe bishiyoyi da turakun wuta a bakin hanya, uwargida ta ce da tumakin garinmu za su gan ta da sun yi sallah. Muka tsaya wajen wani manomi mai rumfa muka sayi 'ya'yan itacen nan masu laushi da ake kira fic, ruwansu har gwiwar hannu, da dafaffiyar gyaɗa. Gyaɗar ta tuna min gida, sai dai su dafa ta suke har ta yi luguf, gishiri kuma kamar da gayya. Yara suka ɗanɗana suka yamutsa fuska, ni da uwarsu muka cinye tas.

Hantsi ya yi muka fara hango duwatsun Blue Ridge, shuɗi-shuɗi, wani a bayan wani. Uwargida ta kafa musu ido. Can ta ce, "Ashe haka ƙasar nan take, ni ban san komai ba sai hanyar aiki." Maganar ta taɓa ni ƙwarai.

Zangon da muka kama wuri yana gindin dutse, a bakin wani tafki. Mai kula da shi wata dattijuwa ce mai hular hana sallah, tana yawo a 'yar motar batir irin ta filin golf. Ta yi mana bayanin dokokin wurin da irin Turancin mutanen dutse, kalma ɗaya sai ta ja ta kamar danƙo. Rabi na ji, rabi ya wuce, amma na yi ta gyaɗa kai. Na dai ji ta ambaci karnuka, na ɗauka yaba su take.

Wurin yana da kyau, bishiyoyi dogaye, inuwa mai sanyi, iska tana kawo ƙamshin itacen da ake ƙonawa. Sai dai motocin kusa-kusa suke, in ka yi atishawa maƙwabcinka zai iya yi maka addu'a. A damanmu wani dattijo ne Bature da matarsa, da wani ɗan tsohon kare fari da ke kwance a ƙarƙashin kujera. Tun da muka iso bai ko ɗaga kai ba. Na ce wa uwargida, "Dubi wancan, kare ne ko matashin kai? Ɓarawo zai kwashe motar da shi a ciki."

Ni a ƙauyenmu can wajen Maraɗi na taso, inda darajar kare haushinsa. Karen da baƙo zai shigo bai yi magana ba, asarar tuwo ne. Kuma wurin kare ƙofar gida. Don haka muna gama jona wuta da ruwa na kafa turke a gaban mota, daidai bakin hanyar da kowa ke bi zuwa tafki, na ɗaure su a nan. Ba su ɓata lokaci ba. Mai keke ya wuce, suka sanar. Wata mata ta wuce da jariri a keken turawa, suka sanar. Kurege ya sauko daga bishiya, Ƙyale-su ta kusa tsinke igiya. Ni kuwa kowane haushi sai na ce "Yawwa, madalla!" na jefa musu guntun kilishi, yadda na saba yi musu a gida in sun kori yanyawa. Masu wucewa suna juyowa suna kallonmu, ni ina ɗaga musu hannu ina murmushi, a zatona sha'awar karnukan suke. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan azahar muka bar su a turke suna gadi, muka gangara tafki. Wallahi ban taɓa ganin uwargida haka ba. Ta naɗe zane ta shiga ruwa har ƙauri, yara suna watsa mata tana ramawa, tana dariya irin wadda rabona da jin ta tun muna ango da amarya. Muka zauna a kan dutse muka ci dambu da kwaɗon zogale, muna kallon masu kamun kifi a ƙananan jirage. Ta ce, "Wannan shi ne vakans, hutu na gaske." Na ji kamar an ba ni kyautar duniya.

Tun daga nesa da muke dawowa nake jiyo muryar Duna tana amsa kuwwa a jikin dutse. Har na fara ce wa yara ku ji aiki, sai na hango 'yar motar batir a ƙofarmu, da dattijuwar nan a tsaye ta riƙe ƙugu. Wannan karon a hankali ta yi magana, kuma na ji komai. Tun da muka tafi karnukan ba su rufe baki ba. Mutane da dama sun kai ƙara. Ba a barin kare shi kaɗai a zangon, ba a ɗaure shi a waje a tafi, ba a kwana da shi a waje. Ta ce ba ta son korar kowa, amma in aka sake kai mata ƙara ko sau ɗaya ne, sai mu tattara. Ta ƙara da cewa ƙarshen mako ne na tsakiyar bazara, ba za mu samu wani wurin ba a duk yankin.

Uwargida ta juya ta bar mu a wurin. Ta shiga mota, na bi ta, na tarar tana mayar da kayan da ta jera ɗazu cikin jaka. Ta ce, "Bon, shi ke nan, gara mu tafi da mutuncinmu kafin a kore mu. In mun koma na kira wurin aiki, ai kullum suna neman mai karɓar dare." Ba faɗa ta yi ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Na ce ta ajiye jakar ta ba ni zuwa gobe.

Abin da na sani na gida shi na yi. Na hura gawayi na gasa tsire, na zuba yaji, na rarraba a faranti, na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wasu suka karɓa da fara'a, wani ya karɓa fuska a ɗaure amma na ga ya kai loma kafin na juya. Na ƙarshe shi ne dattijon damanmu. Matarsa tana kwance a doguwar kujera an rufa mata bargo duk da zafin da ake yi, kanta ɗaure da ɗankwali, ta rame. Ya ce min ta gama wani dogon magani mai wahala ne, dare ba ta iya barci, da rana kawai take samu, shi ya sa ya kawo ta inda suka saba zuwa tun suna matasa. Yau kuwa ba ta runtsa ba. Ban san inda zan sa fuskata ba don kunya.

Mutumin kirki ne. Ya ci tsiren, yaji ya sa shi tari har da hawaye, ya ce a ƙaro. Sannan ya taso ya zo ya dubi turkena ya yi dariya. Ya ce na ɗaure su a bakin hanya, na ba su aikin tsare duniya duka, kuma ya ga ina biyan su lada a kan kowane haushi, to me zai sa su daina? Shawararsa ba ta da wuya a faɗa. A mayar da su bayan mota inda ba sa ganin masu wucewa. A yi yawo da su da safe har su gaji. Kada a bar su su kaɗai. Kilishin kuma a ba su lokacin da abu ya wuce suka yi shiru, ba lokacin da suka yi haushi ba. Na ce a raina, ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni yau dole na fafe.

Saura maganar kwana. Mu dai kare ba ya shiga inda muke kwana da sallah, ban taɓa ko tunaninsa ba. Uwargida ce ta raba gardamar. Ta ce kejinsu ya zauna a wajen direba, a ja labulen da ke tsakani, nan ne iyaka, sallah kuma a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ta yafa wa kejin tsohon zanen gado don kada su ga motsi ta gilashi, ta kunna musu 'yar fanka mai ƙara. Sai ga shi sun kwana lafiya, mu ma haka.

Da sassafe na ɗaura musu igiya muka kama hanyar da ta zagaye tafki. Jama'a, da mutanen garinmu za su gan ni, magidanci da furfura a gemu, karnuka biyu suna jan sa, ga leda a hannu yana bin bayansu yana kwashe abin da suka ajiye, da labarin ya riga ni isa gida. Amma in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Kuma gaskiya yawon ya yi daɗi. Hazo yana tashi daga kan ruwa, barewa ta tsaya tana kallonmu daga cikin itatuwa, duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu, ya tambayi sunan karnukan kafin ya tambayi nawa. Muka dawo harsunansu a waje, ni ma nawa saura kaɗan.

Jarrabawar ta zo da rana. Asabar ce, zangon ya cika maƙil, yara da kekuna, motoci suna shigowa. 'Yan matanmu suka tafi filin wasa da 'ya'yan wasu maƙwabta. Na yi niyyar mu hau dutse mu ga wani ruwa mai zubowa da kowa ke ba da labarinsa, sai uwargida ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a tabarma tukuna. Kafin na wanke kofunan shayi ta yi nisa. Na leƙa dama, matar dattijon ita ma idonta a rufe. Mata biyu suna barci, tsakaninsu kuma ba kowa sai ni da bakuna biyu da ban yarda da su ba.

Na ɗauko kujera na zauna tsakanin karnukan a bayan mota, kilishi a aljihu. Keke ya wuce, kunnuwa suka miƙe, na ce "Shhh" a hankali, suka dube ni, na ba su. Wata mota ta wuce, haka. Ƙyale-su ta gane cinikin da wuri, har ta fara kallon aljihuna da ta ji motsi. Duna ne mai taurin kai. Can sai ga wani mutum da manyan karnuka har uku, ya biyo ta 'yar hanyar bayanmu inda ban yi zato ba, a bayansa kuma ga 'yar motar batir tana tafe a hankali. Duna ya miƙe tsaye, gashin wuyansa ya tashi, ƙirjinsa ya fara gurnani. Kilishi ya daina yi masa magana. Na tuna jakar jiya.

Ni fa tun da na samo karnukan nan abinci nake ba su da umarni, ban taɓa shafa su ba, yara ne masu wannan. Ranar ban san lokacin da na ɗora tafin hannuna a wuyansa ba. Na ji jikinsa yana rawa, ashe shi ma tsoro yake ji. Na riƙa shafa shi ina ce masa da Hausa, "Kwanta, ɗan gari, ba namu ba ne, yau ba ka aiki." Ya buɗe baki ya saki wani ɗan guntun "wuf" da ko kaza ba zai tayar ba, ya haɗiye sauran, ya zauna a kan ƙafata. Mutumin ya wuce da rundunarsa. Dattijuwar ta rage gudu, ta dube mu, ta ɗaga min babban yatsa ta yi gaba.

Jim kaɗan dattijon ya lallaɓo da kujerarsa, ɗan farin karensa yana biye. Na ɗora shayi a ɗan murhu, na zuba masa na farko mai ɗaci, ya runtse ido ya shanye, na biyu ya yi murmushi, na uku ya miƙo kofi da kansa. Hira muke da raɗa kamar ɓarayi. Ya ce a masana'antar kujeru ya yi aiki har ta rufe, na ba shi labarin gonar gero. Rana ta karkata, na wanke hannu na yi alwala na yi la'asar, matan nan biyu ba wadda ta motsa. Na daɗe ina kallon uwargida, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, ba agogo a kusa da ita, ba mai kiran ta. Da ta farka ta tambayi ƙarfe nawa, na faɗa mata, ta ce, "Kai, Malam, ka bar ni na kashe yini!" Tana faɗa tana dariya.

Sauran kwanakin haka muka yi su, yawo da safe, zaman gadin masu gadi da rana, gashi da hira da yamma. Ba a sake kai ƙararmu ba. Ruwan nan mai zubowa daga dutse kuwa har muka taho ban gan shi ba, sai a hoton da ke jikin katin da yara suka saya. Ranar tafiya matar dattijon ta taso da kanta ta zo har ƙofar mota, ta riƙe hannun uwargida ta ce ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Mai kula da zangon ta ce mu dawo baɗi, har da karnukan.

Muka iso McLeansville da yamma, motar tana nishi, mu muna ƙamshin hayaƙi. Ina kwance musu igiya suka ruga bayan gida suka zazzage duk haushin da suka tara, kaji suka watse, na ce ku yi, nan gidanku ne.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, an faɗa. Na tafi ina ganin na san haƙƙin maƙwabci, tunda mu aka raina da gaisuwa da miƙa kwano ta kan katanga. Na dawo na san cewa wani maƙwabcin ba kwanonka yake bukata ba, shiru yake so ka ba shi, kuma ba ka san me ke kwance a bayan labulensa ba. Wanda duk zai je irin wannan zango da kare, ya gajiyar da shi da safe, ya kawar masa da ido daga hanya, kada ya tafi ya bar shi, ya kuma san abin da yake ba shi lada a kai. Washegari da magariba uwargida ta sa kayan aiki za ta fita, na ji tana 'yar waƙa a ƙofa. Ta juyo ta ce, "Malam, na huta." Shekara da shekaru ina jiran na ji kalmar nan a bakinta.